Rogo mai ruwan ɗorawa: likita ya yaba, wa zai biya manomi?

Duk wanda ya saba da rumfunan ƴan gari a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako ta birnin Yamai, ya san garin rogo kashi biyu ne a idon mai saye: da fari da ja. Wanda ake ce wa ja ɗin, alhali ruwan ɗorawa ne, manja ake zuba masa lokacin suya tun daga ƙasashen kudu inda ake yinsa. To, tun ƙarshen shekarar 2011 aka samu wani jan gari na daban a Najeriya, wanda ba a ɗiga masa manja ko kaɗan ba. Daga cikin ƙasa rogon yake fitowa da launinsa, domin yana ɗauke da sinadarin da jikin mutum ke mayarwa bitamin A. An yi bukin ƙaddamar da shi, manya sun ɗanɗana, an ɗauki hotuna. Shekara goma da ɗoriya bayan haka, farin rogo ne ya cika gonakin Najeriya, kuma farin gari da na manja su ne mafi yawan abin da manyan motoci ke ƙetarowa da shi ta Jibiya da Illela da Mai'aduwa.

A duk lokacin da aka tambayi dalili, amsar da ta fi sauƙi a bakin ƴan biro ita ce manomi bai waye ba, mai saye kuma ba ya son canji, saboda haka sai a ƙara faɗakarwa. Amsar tana da daɗin faɗi, tun da ba ta ɗora laifi a kan kowa sai wanda ba ya cikin zauren taron. Amma wanda ya bi rogon nan tun daga kunya har zuwa tukunya zai tarar manomi ya yi lissafinsa daidai, mai suyar gari ta yi nata daidai, ɗan kasuwa ma haka. An nemi su ɗauki hasarar wani alheri da al'umma baki ɗaya za ta ci, ba a kuwa nuna musu wanda zai biya su ba.

Rogo ba baƙo ba ne a Nijar, ko da yake hatsi da dawa ne sarakan rumbu. Asalinsa daga Amurka ta Kudu ne, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, ya yi ta tafiya daga hannu zuwa hannu har ya iso fadamun Sahel. A nan an fi saninsa a ranar wuya. Yunwar farkon shekarun 1950 har yau Zabarmawa da sunan gari suke tuna ta, saboda garin rogon kudu ne ya riƙe rayuka a lokacin. Bayan farin 1984, da marigayi Janar Seyni Kunce ya tashi tsaye kan noman rani, rogo na cikin abubuwan da aka cusa wa mutane a garake, kuma har yanzu ana nomansa a yankin Gaya, da dallol, da ƙoramun Matamai da Magarya, da gulbin Maraɗi. Ma'aikacin gwamnatin da ya ratsa shekarun 1990, lokacin da albashin wata da watanni ke maƙalewa a baitulmali, ba ya bukatar a yi masa bayanin darajar gari da ruwa da sukari da ƙuli-ƙuli.

Sai dai rogo yana cika ciki ne kawai. Kusan duk abin da ke cikinsa sitaci ne; abin gina jiki kaɗan ne ƙwarai, farin rogo kuwa kusan babu bitamin A a cikinsa sam. Rashin wannan bitamin shi ke kawo dundumi, yaro ya riƙa laluben bango da zarar magariba ta yi, in abin ya yi nisa idon ya bushe ya mutu. Ɓarnar da ta fi wannan ba a ganinta a ido: yaron da ba shi da isasshen bitamin A, ƙyanda ko zawo sun fi saurin kayar da shi. Najeriya ita ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, kuma miliyoyin mutanenta kullum sai sun ci shi. Daga nan tunanin ya taso: tun da talaka ba zai iya sayen hanta da ƙwai kowace rana ba, a sa maganin cikin abin da ya riga ya saba ci.

Tunani ne mai kyau, an kuma yi masa aiki na gaske. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, da cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a jihar Abiya, tare da tallafin shirin HarvestPlus, sun shafe shekaru suna haɗa aure tsakanin rogo mai launi da rogo mai yabanya da jure cuta, suna zaɓe, suna watsar da dubbai. Ta hanyar fure aka yi, irin barbarar da aka sani tun kaka da kakanni. Ba a dasa masa ƙwayar halittar wani abu daban ba, kuma ya dace a faɗi haka ƙarara domin jita-jita ta fi mota gudu. A watan Disamba na 2011 aka fitar da iri uku na farko, UMUCASS 36 da 37 da 38, masu ɗauke da mikrogram 6 zuwa 8 na sinadarin karotin a kowane giram, wato sinadarin nan da ke ba karas da mangwaro da kabewa da manja launinsu. A 2014 aka ƙara wasu uku, 44 da 45 da 46, da suka kai wajen 10. Abin da masanan suka sa a gaba tun farko 15 ne. A ƙasar Kenya kuma, a yankin Kibwezi, an ciyar da ƴan makaranta sama da 300 dafaffen rogo na tsawon fiye da wata huɗu, wasu fari wasu mai launi. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna bitamin A ya ƙaru a jinin waɗanda suka ci mai launin, amma ƙari ne matsakaici. A shekarar ce aka ba Howarth Bouis, wanda ya kafa HarvestPlus, da wasu masana uku na dankali mai jan ciki, babbar kyautar abinci ta duniya. Amfanin dai tabbatacce ne, kuma yana da iyaka.

Ga inda gizo ke saƙa. Ɗanyen rogo kusan kashi biyu cikin uku nasa ruwa ne, kuma mai gari ba ruwa take saye ba. Za ta fere, ta gurza, ta ɗaure cikin buhu ya tsane ya yi tsami, ta tankaɗe, sannan ta tsaya bakin kasko cikin hayaƙi tana juyawa. A al'ada kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen rogo ke ba ta kilo 1 na gari. Masu binciken da kansu sun tabbatar cewa a cikin irin rogon Afirka, yayin da launin ke ƙaruwa, tsabar da ke cikin saiwar raguwa take yi, ruwa ya yi yawa. Ma'anar wannan a wurin matar nan a fili take: kuɗin mota ɗaya, ladan ƴan fira ɗaya, itacen wuta har ya fi, amma garin da zai fito daga kaskon bai kai na farin rogo ba. In ta saya sau ɗaya ta ga haka, karo na biyu za ta taya shi da rangwame, ko ta wuce shi. Manomi kuwa ba shi da damar jan ciniki, don rogo in an tone shi kwana biyu ko uku yake yi ya fara baƙi ya lalace. Masana'antun sitaci da na garin burodi, su kuma, fari tas suke nema. Mutumin da ya jira wata goma zuwa shekara guda kafin ya tone gonarsa, ya zo ya tarar masu saye biyu cikin uku suna kau da kai, wace faɗakarwa ce za ta sa ya sake dasa irin nan a baɗi?

Manoman nan dai su ne suka rungumi TMS 30572, irin da IITA ta fitar tun shekarun 1970, saboda ya jure ciwon da ke nannaɗe ganyen rogo, ya kuma ƙara amfanin gona. Su ne suka bi TME 419 da gudu bayan fitowarsa a 2005, saboda yana miƙewa sambal, ana iya shuka wani abu a tsakaninsa, ga shi da tsaba mai nauyi a sikeli. Babu wanda ya roƙe su. Maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci, gani ya kori ji, ya nemi itace. Wanda ya karɓi sabon iri sau biyu da hannu bibbiyu, in ya ja baya a karo na uku, kamata ya yi a binciki irin kafin a binciki wayewarsa. Alamu sun nuna masu binciken sun ji wannan karatu: irin da aka fitar a Najeriya a Disamban 2020, masu sunaye irin su Game Changer da Hope da Poundable, an zaɓe su ne da la'akari da abin da masu suya da masu daka ke so, an kuma ba su sunan da za a iya riƙewa a ka maimakon lambobi.

Akwai kuma matsalar iri, wadda wanda ya saba da hatsi ba zai gane nauyinta nan take ba. Tiya kaɗan ta hatsi ta isa shuka gona, a aljihun jaki ma a kai ta. Rogo da itacensa ake dasa shi. Ekta guda tana cin gindi wajen 10,000, wato dami hamsin zuwa sittin na sanduna, kaya ne na mota, kuma in suka yi makonni a rana sun bushe. Gindi ɗaya a shekara bai fi ya ba da abin dasa gindi goma ba. Saboda haka furoje yakan raba dami ɗaya ko biyu ga kowane gida, a rubuta sunan mai gidan cikin rahoto a matsayin wanda ya karɓi sabon iri, a tura wa masu ba da kuɗi. Ko ya dasa shi a gefen gona don yara, ko ya bar shi bayan shekara biyu, rahoton ba ya komawa ya duba. Wani babban bincike da aka yi a 2015 da 2016 a gidaje wajen 2,500 cikin jihohi 16 na Najeriya, inda aka gwada ganyen rogon kowace gona a ɗakin bincike, ya gano manoma da yawa ba su san ainihin irin da ke gonarsu ba: wani yana noman ingantacce yana ce masa na gargajiya, wani akasin haka. Ta wannan fuska rogo mai launi ya yi sa'a, don da an karya saiwarsa ya faɗi sunansa.

Ta wajen masu ci, abin da aka gano ya saɓa wa zato. An yi wani gwaji a jihohin Oyo da Imo, aka buga shi a 2016, inda aka ba mutane gari da tuwonsa suka ɗanɗana, sannan kowa ya taya da kuɗinsa. Kowa zai ɗauka Imo, inda aka saba cin jan gari na manja, nan ne za a yi maraba da sabon, Oyo ta masu farin gari kuma ta ƙi. Sai aka samu akasi. A Oyo mutane sun yarda su ƙara kuɗi a kan mai haske-hasken launi tun ba a gaya musu amfaninsa ba. A Imo kuwa sai da suka rage masa farashi sosai. Ana iya fahimtar dalili: wanda ya san jan gari tun yana goye yana da ma'aunin da zai gwada baƙo da shi, a harshe da hannu da hanci, kuma kama da wane ba ta wane. Da aka saurarar da su saƙo irin na rediyo kan amfanin bitamin A, farashin da suka taya ya tashi a jihohin biyu. Masu cewa a ƙara faɗakarwa a nan suke kafa hujja, kuma suna da rabin gaskiya. Sauran rabin shi ne, tayin da mutum ya yi sau ɗaya a gaban baƙi masu takarda da alƙalami daban yake da cefanen uwar gida ranar ashirin ga wata, kuma ƙarin da mai ci ya yarda ya biya a birni sai ya ratsa hannun dillali da mai mota da mai suya kafin ƙwandala ta isa ga manomi.

Yanzu a dawo gida. A ce ɗan kasuwar Maraɗi ya ji labarin nan, ya ƙudura zai sauko da garin bitamin daga Najeriya. Da me zai bambanta shi da na manja, tun da duka a buhu ɗaya marar tambari suke zuwa, launinsu kuma kusan ɗaya? In ya ɗora masa ko dala biyar a kan tiya, gobe duk jan garin kasuwa ya zama na bitamin a bakin masu shi. Daɗin daɗawa, karotin ba ya shiri da zafi da iska da haske. Tun daga suya yake fara raguwa, kuma kowane mako da garin ya yi a ajiye ƙara zubewa yake. Buhun da ya bar kudancin Najeriya, ya kwana a Kano, ya jira duwan, ya zo ya zauna cikin shagon kwano a Ƙonni a watan Afrilu da zafi ya haura 40, sannan aka baje shi a faranti a rana, Allah kaɗai ya san abin da ya saura a cikinsa. Abin dariyar ma shi ne manjan da ake zuba wa jan gari na gargajiya shi kansa cike yake da karotin ɗin. Ga kuma hanyar da ba ta da tabbas: Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe su bayan juyin mulkin Yulin 2023 har cikin farkon 2024. Lafiyar idon yaran Tawa ba abin da za a rataya a kan ƙofar da wani ke riƙe da makullinta ba ne.

Idan rogon nan zai amfani Nijar, ta garka zai amfane ta. A nan rogon gida dafa shi ake yi, ko a ci shi ɗanye, ko a yanka shi da ƙuli da yaji a bakin tasha da ƙofar makaranta, kuma dafuwa ita ce hanyar da ta fi barin karotin a cikinsa. Masu cinsa kuwa yara da mata ne, waɗanda dama su ake nema. To amma wannan ɗabi'a tana da sharaɗinta. Rogon gari ko mai ɗaci ne ba laifi, tun da gurzawa da tsami da suya suna fitar da gubarsa; rogon dafuwa dole ya zama marar ɗaci, ya kuma yi laushi ya yi gari-gari a baki. Irin da aka zaɓa don kaskon Oyo ba lalle ne ya ci wannan jarrabawa ba, balle a ƙasa mai yashi da ake shayarwa da guga ko injin ban ruwa, inda kowace lita kuɗi ce. Aikin cibiyar INRAN ne da malaman gidan gona su gwada shi a Gaya da Madarunfa da ƙoramar Damagaram, su tantance lafiyar itacen kafin ya shigo don kada a sayo cuta da kuɗi, sannan su miƙa wa mata masu tallan rogo su dafa su yanke hukunci. In suka ce ya yi ruwa ko ya ƙi nuna, magana ta ƙare, sai a koma a nemo wani.

Nijar ma tana da nata darasin a hannu. A 2018 aka fitar da hatsin Chakti a ƙasar, wanda cibiyar ICRISAT ta Sadore ta yi aikinsa tare da INRAN, mai ɗauke da ƙarin sinadarin ƙarfe da ke maganin ƙarancin jini. Ƙarfen ba a ganinsa, ba a jin ɗanɗanonsa. Abin da manomi ke gani shi ne hatsin yana nuna da wuri, a shekarar da damina ke ɗaukewa ba sallama. Wanda ya shuka shi don ya tsere wa fari, ƴaƴansa sun samu ƙarfen a cikin fura ko an yi masa bayani ko ba a yi ba. Haka ya kamata rogon ya zama: ya ci kasuwa da nauyinsa da daɗinsa, bitamin ya biyo baya a matsayin gyara.

Kafin a kai can, wanda ya ce alherin na jama'a ne sai ya sa hannu a aljihun jama'a. Makarantun da ake dafa wa yara abinci a kusa da garake, da gidajen renon yara masu tamowa, suna iya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin manoma tun kafin dashe, a kan farashin da ya rufe gibin tsabar, a biya kuma a kan lokaci. Manomin da gwamnati ta taɓa cin bashinsa ba ya mantuwa. Hakan ya fi araha a kan tarurrukan otal da riguna masu tambari. Kada kuma zancen rogo ya sa magabata su yi sakaci da abin da aka riga aka san yana aiki. Tun 1997 Nijar ta haɗa rabon ƙwayar bitamin A da ranakun rigakafin shan inna, tana cikin ƙasashen farko a Afirka da suka yi haka. Akwai man girki mai tambarin ƙarin bitamin, wanda ya kamata masu binciken kaya su riƙa aunawa a kan iyaka da cikin shaguna. Akwai zogale da kabewa da dankali mai jan ciki, akwai mangwaron da ke ruɓewa tuli-tuli a bazara don babu abin busar da shi a inuwa. Duk waɗannan ba sa bukatar a jira wata goma, kuma mafi yawansu a garkar da za a dasa rogon suke fitowa.